Kular baƙin mai ta sauke zafi amma ta rage matsi: nazarin wata Nissan 370Z a Kano

Motar da irin aikin da take yi

Motar Nissan 370Z ce ƙirar 2010 mai giyar hannu, tokumbo daga Amurka, ta ci kusan kilomita 118,000 lokacin da matsalar baƙin manta ta fara. Injinta VQ37VHR ne, silinda shida, lita 3.7, yana kaiwa juyi 7,500 a minti. Littafin kamfani ya ce a zuba masa baƙin mai 5W-30, lita 4.9 idan an canza har da filta. Mai motar yana hawanta cikin gari a ranakun aiki, ƙarshen mako kuma ya kai ta wani killataccen fili a bayan gari inda masu wasan mota ke taruwa. A can inji kan daɗe tsakanin juyi 5,000 da 7,000, mota tana tafiya a karkace, iskar da ke shiga ta gaba kuwa kaɗan ce.

Irin wannan mota ta shekarun 2009 zuwa 2011 ba ta zo da na'urar sanyaya baƙin mai, wato kula, ba, sai a ƙirar 2012 kamfanin ya ƙara ta. Tana da gejin zafin mai a saman dashbod, amma ba ta da gejin matsin mai, sai jar fitilar nan da ba ta kamawa sai matsi ya kusa ƙarewa.

Afrilu: zafi ya hana wasa

A tsakiyar bazara, rana tana haura digiri 40, allurar zafin mai takan kai 280 a ma'aunin Fahrenheit, wato kusan digiri 138 a namu ma'aunin na Celsius, cikin minti goma na wasa. A daidai nan kwamfutar motar take rage wa inji juyi don kare shi. Direba ya taka totur, mota ta ƙi amsawa, sai an tsaya mai ya huce. An duba lagireto da fanka da tamostat na ruwa, duk lafiya suke, kuma allurar zafin ruwa ba ta taɓa gota wurinta ba.

Mayu: an ɗaura kular mai

Kayan da aka sayo saiti ne marar sunan kamfani. A ciki akwai kula mai bututu guda da ke kai da komowa cikin siraran ganyen alminiyam, da farantin adafta da ake sawa tsakanin filta da jikin inji a kan zaren M20x1.5, da tiyo mai saƙar waya lamba -8AN (lambar girman tiyo ce), da kawunan tiyo huɗu masu kusurwa. Farantin ba shi da tamostat, wato bawul mai sauya wa mai hanya gwargwadon zafinsa, don haka duk man da famfo ya turo sai ya je kula ya dawo kafin ya shiga filta, da zafinsa ko da sanyinsa.

An kafa kular a gaban kwandensar esi, bakunanta biyu suna kallon ƙasa, saboda ta haka tiyo ya fi sauƙin shiga. Tiyon da ya zo a kwali ba a rage shi ba, aka zagaya da shi ta bayan ƙarfen bamba, tsawonsa zuwa da dawowa mita 3.4. Mai motar ya ƙara gejin matsin mai na lantarki, aka ɗaura sensarsa a wani ƙaramin rami da ke jikin farantin.

Zafin mai ya sauka zuwa digiri 115 a wasan farko, kwamfuta ba ta sake rage juyi ba. Gejin matsi yana nuna bar 5.8 (bar ma'aunin matsi ne) a juyi 6,000. Daga Yuni zuwa Oktoba babu wani ƙorafi. An yi juye sau ɗaya a tsakani, aka zuba lita 4.9, washegari da safe aka zaro sandar awon mai aka ga ya kusa alamar sama.

Nuwamba da Disamba: alamu uku

Alamar farko ta zo a fili. Idan motar ta daɗe tana zagaye wuri ɗaya, jar fitilar mai takan yi walƙiya ta ɗauke, allurar gejin ma ta faɗi ta tashi a lokaci guda. Da an miƙe sitiyari komai ya koma daidai.

Ta biyu ta zo da hunturu. Da asuba, iska tana wajen digiri 13 zuwa 15, idan aka tayar da inji sai a ji ƙarar ƙarfe daga gabansa, wajen sarƙar taimin, na daƙiƙa uku zuwa huɗu, fitilar mai kuma ba ta mutuwa sai ƙarar ta tsaya. Da rana idan motar ba ta daɗe a ajiye ba, ba a jin komai.

Ta uku fitilar cek ce. Da aka jona kwamfutar duba mota sai ta fito da P0011 da P0021. Lambobin biyu suna nufin na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul ɗin shigar iska ba ta kai inda aka umarce ta ba, ɗaya a ɓangaren farko na inji, ɗaya a na biyu. Da matsin baƙin mai wannan na'ura take motsi. An goge lambobin, suka dawo wata safiya da aka taka mota kafin ta ɗumama.

Disamba: gyare-gyaren da ba su yi ba

An fara da mafi arha. Aka canza swicin fitilar mai, aka canza filta. Ƙarar safe ba ta ragu ba.

Daga nan aka juye 5W-30 aka zuba 20W-50, bisa hujjar da ake yawan ji a gareji cewa ƙasarmu mai zafi ce, siririn mai ba ya riƙe matsi. Gejin ya goyi bayan wannan magana, domin da safe allura ta riƙa haura bar 7. Amma ƙarar ta ƙara tsawo, lambobin nan biyu kuma suka koma fitowa kusan kowace safiya. Kaurin 5W-30 a digiri 40 yana wajen cSt 60 (ma'aunin kaurin mai), na 20W-50 ya ninka haka fiye da sau biyu, kuma tazarar tana ƙara faɗi yayin da mai ke ƙara sanyi.

A ƙarshen wata aka zargi kular kanta, aka sayo wata babba ta kamfani mai suna, irin mai farantai a jere, layi 25, bakunanta masu zaren M22 da ake iya sauya musu kai. Aka ɗaura ta a mazaunin tsohuwar, bakuna ƙasa, da tiyo da kawuna da farantin da. Ƙarar safe ta kai daƙiƙa shida. Wata matsala kuma ta ƙaru: a tafiyar cikin gari zafin mai ya daina wuce digiri 70, wanda bai isa ya kori danshi da ɗigon fetur da ke taruwa a cikinsa ba.

An kawo shawara biyu da ba a bi ba. Ɗaya a sa wasa, wato siririn zoben ƙarfe, a bayan sifirin ɗin bawul ɗin rage matsi na famfon mai don matsi ya ƙaru. Ɗayar kuma a buɗe gaban inji gaba ɗaya a canza fakin hanyar mai, wato shimfiɗar da ke hana shi yoyo, da ke jikin murfin taimin na baya. Wannan ta biyun zargi ne mai tushe, domin a injinan VQ na waɗannan shekaru fakin na takarda ne, yakan fashe, mai ya riƙa zubewa ta ciki, kuma alamominsa su ne raguwar matsi da waɗannan lambobi biyu. Sai dai aiki ne na kwanaki, ga tsada, don haka aka tsayar da shi sai an yi awo.

Janairu: awo

Aka koma 5W-30 da sabuwar filta kafin a auna komai. Tsohuwar filtar an yanka ta, aka warware takardar ciki aka duba a rana. An ga ɗan ƙyalli jefi-jefi, babu ɓarɓashin jan ƙarfe ko gutsure da zai nuna metal, wato ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa, ya fara cinyewa.

Awon farko an yi shi babu kula. Aka cire farantin adafta, aka ɗaura filta kai tsaye a jikin inji kamar yadda ta fito daga kamfani, aka kwance swicin fitilar mai aka sa gejin hannu a raminsa. Zaren wannan rami 1/8 BSPT ne, mafi yawan gejin da ke zuwa daga Amurka kuwa 1/8 NPT ne. Sun yi kama a ido, amma ɗaya zare 28 ne a inci, ɗaya 27, kuma tilasta su na iya tsaga alminiyam ɗin wurin, don haka aka yi amfani da mahaɗi. Littafin gyara ya ce idan mai yana digiri 80, matsi ya wuce kPa 98 a silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, ya wuce kPa 294 a juyi 2,000, wato kusan bar 1 da bar 3. Motar ta ba da bar 1.7 da bar 3.8. Ta kwana a haka, da safe aka tayar, fitila ta mutu nan take, babu ƙara. Famfo da fakin murfin taimin da metal duk sun fita daga zargi a wannan rana.

Awo na biyu an mayar da kula yadda take, aka sa sensa biyu: ɗaya a bakin da mai ke fita daga faranti, ɗaya a bakin da yake dawowa. Nan aka gane ramin da sensar gejin cikin mota take ciki tun watan Mayu yana ɓangaren fita ne, wato matsin da famfo ke turawa yake karantawa, ba wanda ke isa inji ba.

A silo, mai yana digiri 90, bambancin bai kai bar 0.2 ba. A juyi 3,000 ya kai bar 0.7. A juyi 6,000 a kan hanya, mai yana digiri 100, bakin fita ya nuna bar 5.8, bakin dawowa bar 4.2. Da safe, mai yana digiri 18, a juyi 2,000 bakin fita ya nuna bar 7.4, na dawowa bar 4.0, kuma wannan da 5W-30 ne.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, bawul ɗin rage matsi yana jikin famfo, kafin faranti, kafin kula, kafin filta. Matsin da ke bakin famfo kaɗai yake ji. Idan hanyar gaba ta ƙuntata, matsi ya taru a bayanta, bawul ya buɗe ya mayar da wani kaso na man cikin kwanon ƙasa. Inji ya rasa abu biyu lokaci ɗaya, matsi da yawan man da ke ratsa shi, alhali gejin da ke ɓangaren famfo yana nuna lamba mai kwantar da hankali. Kamar a taka tiyon ban ruwa ne da ƙafa: bayan ƙafar ya kumbura, bakinsa kuwa ruwa na ɗiga.

Awo na uku shi ne raba wannan bar 1.6 gida-gida. Aka matsar da sensa biyun zuwa bakunan kular. Ita kanta bar 0.3 kawai take ci. Sauran bar 1.3 yana tafiya ne a tiyo da kawuna da faranti.

Da aka kwance su aka auna, ramin cikin tiyon -8AN milimita 11 ne. Kawunan huɗu ba lanƙwasasshen bututu ba ne, dunƙulen alminiyam ne da aka huda ta fuska biyu ramukan suka haɗu a tsaye, faɗin ramin milimita 8.5. Tiyon dawowa ya lotsa a inda ya zagaya ƙarfen bamba, saƙar wayar waje ta ɓoye lotsawar, sai da aka zura sanda aka ji ta tokare. A ɗaya daga cikin kawunan kuma, lokacin da aka haɗa shi babu mai a jiki, bakin ƙarfen ya fere robar cikin tiyo ya bar wani leɓe da ke rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na hanya idan mai ya turo shi.

Lissafin tiyo ba shi da sassauci. Idan mai yana tafiya a natse cikin bututu, asarar matsi tana ƙaruwa daidai da tsawon bututun, daidai da kaurin man, daidai da yawan da ake turawa. Faɗi ne ya fita daban: idan ya ƙaru asarar raguwa take, kuma a lissafin ana ninka shi sau huɗu a kan kansa. Tiyon -10AN yana da rami wajen milimita 14. Milimita uku ne tsakaninsa da -8AN, amma a tsawo ɗaya asarar ƙaramin ta ninka ta babban fiye da sau biyu da rabi.

Saura walƙiyar fitila a fili da ƙarar safe. An ɗumama inji, aka kashe, aka jira minti goma aka zaro sandar awo: mai yana dab da alamar ƙasa. Washegari da safe, ba a ƙara ko ɗigo ba, ya hau kusa da alamar sama. Kular tana sama da filta, bakunanta suna ƙasa, don haka cikin dare man da ke cikinta yake silalewa ya koma kwano. Ita da tiyonta suna ɗaukar wajen lita 0.8. Da safe famfo sai ya cika su da farko kafin mai ya isa filta, ya wuce zuwa mai ɗaure sarƙar taimin, wanda shi ma da matsin mai yake miƙewa. Ƙarar ke nan. Da zarar sun cika kuma, kwanon ƙasa ya rasa wannan adadi, mota tana tafiya da mai a alamar ƙasa. A miƙaƙƙiyar hanya hakan ba ya nunawa. A doguwar kwana mai yana taruwa gefe ɗaya, bakin bututun da ke zuƙo shi ya shaƙi iska.

Fabrairu: gyara

Babbar kular da aka saya a Disamba ita aka bari, aka juya ta bakuna sama, aka sauya kawunan M22 ɗinta zuwa -10AN. An matsar da ita kusa da ɓangaren da filta take, aka kafa ta a kan ƙarfe huɗu da roba a tsakani, domin alminiyam ɗinta yana tsagewa idan girgiza ta yi yawa. Tazarar da ke tsakaninta da kwandensa an toshe gefunanta da soso mai jure zafi don iska ta ratsa maimakon ta kewaye.

Farantin an canza shi da mai tamostat wanda ke fara aiki a wajen digiri 80. Idan mai yana da sanyi, akwai gajeriyar hanya a buɗe cikin farantin, mafi yawan man ya bi ta nan kai tsaye zuwa filta, ɗan kaɗan ya ratsa kula don ta kasance a cike. Yayin da zafi ke hawa, ƙullin kakin da ke ciki yana kumbura ya rufe gajeriyar hanyar, mai ya koma bin kula. An goge fuskar da faranti ke zama, aka tabbatar tsohon zoben roba bai maƙale a wurin ba, domin zobe biyu a kan juna suna fashewa da zarar matsi ya hau.

Tiyo sabo -10AN, zuwa da dawowa mita 1.9. Kawuna biyu miƙaƙƙu, biyu masu lanƙwasar bututu a hankali. An naɗe wurin yanka da tef kafin a yanka don waya kada ta warware, aka shafa mai a bakin kowane kai kafin a murɗa, aka haska tocila a leƙa cikin kowane tiyo bayan haɗawa, aka wanke su aka busa iska. Duk inda tiyo ya kusa taɓa ƙarfe an riƙe shi da maƙalli mai roba, saboda saƙar wayar tana goge duk abin da ta jingina da shi.

Kafin tayarwa an cika kula da mai ta bakinta. Aka zare fiyus ɗin famfon fetur, aka yi ta ba da ki na daƙiƙa goma-goma har geji ya motsa, sannan aka mayar da fiyus aka tayar. Bayan zafin mai ya wuce digiri 90, tamostat ya rufe gajeriyar hanya, aka kashe aka jira minti goma aka cika zuwa alamar sama. Jimillar abin da ya shiga lita 5.8. Sensar gejin cikin mota an mayar da ita bakin dawowa.

A juyi 6,000, mai yana digiri 100, bakin fita ya nuna bar 5.6, na dawowa bar 5.1. Da safe bambancin bai wuce bar 0.3 ba. Awon sanda na dare da na safe sun zo ɗaya. A cikin gari zafin mai yana zama tsakanin digiri 85 da 95.

Maris da Afrilu: bibiya

Bayan kilomita 1,000 an sake yanka filta, takardar ta fito babu ƙyalli. P0011 da P0021 ba su dawo ba, fitila ba ta sake walƙiya a kwana ba. A wasan tsakiyar Afrilu, rana tana digiri 41, zafin mai ya tsaya a digiri 118 da farko. Da aka duba, ƙurar hunturu ta cike tsakanin farantan kular. Bayan an wanke ta da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, mafi girman abin da aka gani digiri 112 ne, matsi a bakin dawowa kuma bai sauka ƙasa da bar 4.8 a juyi 6,000 ba.

Hukunci

Ɗaura kula a wannan mota daidai ne, domin digiri 138 ba wurin da za a bar mai ya riƙa kaiwa ba ne. Laifin yana hanyar da aka bi da man. Daga cikin bar 1.6 da ke ɓacewa a babban juyi, sama da kashi huɗu cikin biyar a tiyo da kawuna da faranti suke, ɓangaren da aka fi raina kuɗinsa. Rashin tamostat ya sa mai mafi kauri, na sanyin safiya, shi ma dole ya bi wannan ƙuntatacciyar hanya. Juya bakuna ƙasa ya haifar da ƙarar safe, ya kuma sa sandar awo ta riƙa nuna mai ya cika alhali da saura.

Abin da ya ja lamarin har wata takwas, daga Mayu zuwa Janairu, shi ne wurin da aka ɗaura sensa. Gejin da ke tsakanin famfo da cikas ƙara hawa yake idan cikas ya tsananta, shi ya sa 20W-50 ya yi kama da magani alhali yana ƙara rage man da ke isa metal. Da an sa zoben wasa a sifirin ɗin famfo, matsin da ke kan tiyo da zoben faranti ne zai ƙaru, leɓen robar da lotsattsen tiyon suna nan yadda suke. Da an buɗe gaban inji, da an canza fakin da ba shi da laifi. Awon da ya wanke injin, wato cire faranti a ɗaura filta kai tsaye, aikinsa bai kai awa ɗaya ba, kuma shi ya kamata a yi tun ranar da aka fara jin ƙara. Ga duk injin da ke tura mai da yawa a babban juyi kamar wannan, -10AN shi ne mafi ƙarancin tiyon da ya dace, kuma idan bambanci tsakanin bakin fita da na dawowa ya haura bar 0.7 a mai mai zafi, a bi layin kai bayan kai a nemo inda ya ƙuntata kafin a sake kai motar fili.